Baƙin lambobi sun hana mu sakat

Jama'ar Zango, wannan abu ya ishe ni. Tun da aka saka lambata a rukunin WhatsApp na wani biki a Aboabo, wayata ba ta huta ba. Kira daga lambobin ƙasashen waje da tsakar dare, ko hoton budurwa da "sannu, ina so mu san juna". Wani ya ce ya turo kuɗin MoMo bisa kuskure, a mayar masa.

Na Hajiyarmu ne ya fi ƙona min rai. Duk kiran da ya shigo ɗauka take, a zatonta ɗanta ne daga Jamus. Wani ya kira ta cikin ladabi, har da "Mama", ya ce ta karanta masa lambobi shida da suka shigo mata ta saƙo. Duk wanda ya samu lambobin nan zai iya ƙwace asusunta na WhatsApp, ya riƙa roƙon dangi kuɗi da sunanta. Allah ya sa ƙanwata na kusa, ta karɓe wayar.

Na kunna mata tsarin WhatsApp da ya fito a 2023 mai hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara, na ƙara mata lambar sirri ta kare asusun. Mun kuma kai rahoto 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana.