Dutse ɗaya, gilashin baya

Asabar da dare, Anguwar Rogo, Jos.

Sai yanzu na samu zama. Babban yatsana na dama sai zugi yake yi, wata 'yar ƙwayar gilashi ce ta shige shi tun da hantsi, ga shi da shi nake tura allura. Ɗinkin gobe sai dai a lallaɓa.

Da safe ban fita da wuri ba. Sanyin Disamban nan ya fi ƙarfin rigar sanyi ɗaya, ruwan alwala ma sai da aka ɗora a wuta. Wajen tara na isa shago a Kwararafa, na hura gawayin dutsen guga, na hau keke ina haɗa wuyan wata jamfa da mai ita zai sa a ɗaurin aure mako mai zuwa. Ban yi awa guda ba waya ta yi ƙara. Maman Abba ce. "Ka zo gida." Na ce lafiya? Ta ce lafiya ƙalau, amma in zo yanzu. Shekara goma sha biyu muna tare, na san lafiya ƙalau ɗin da babu lafiya a cikinta.

Tun daga bakin titi na hango taro a lungunmu. Motar maƙwabcinmu direba ce a tsakiya, Sharon ɗin da yake lodin Bauchi da ita daga tashar Bauchi Road. Gilashin baya ya tafi gaba ɗaya. Ba tsagewa ya yi ba, rugujewa ya yi, ya zube a kan kujerar baya da cikin but kamar an zazzage buhun gishiri mai manyan ƙwayoyi, ɗan abin da ya rage a jikin roba yana lilo, iska na kaɗawa yana ƙara zuba. Ƙa'ida da asuba yake fita. Yau batir ya ƙi tashi saboda sanyi, ya tafi neman wanda zai ara masa wani, kafin ya dawo an gama aiki.

A gefe wani matashi ya shaƙe wuyan rigar almajirin da ke mana wanke-wanke, yaron da bai fi shekara goma ba, yana ta rantsuwa ba shi ba ne, majina da hawaye sun haɗe. Ban tsaya ba, na shige soro. Nan na tarar da ita a tsaye, ta ce da ni a hankali, "Ɗanka ne." Ranar da ya zo na uku a aji ɗanmu ne, yau kuma ya zama nawa ni kaɗai.

Yana banɗaki ya kulle kansa. Da ƙyar ya buɗe. Su uku ne, in ji shi: shi da ɗan gidan da ke kallon namu da almajirin. Danƙon na ɗan maƙwabcin ne, babansa ya sayo masa. Ƙadangare suke harbi a kan katanga, kowa sau uku. Almajirin ma ba a ba shi ya harba ba, shi ne mai tsinto duwatsu. Dutsen Abba ne ya bugi kan katanga ya karkace. Da suka ji ƙarar kowa ya arce gidansu, shi kuwa wanda ba shi da gidan shiga ya tsaya a wurin.

Zan rubuta wannan ko da ba daɗi, tunda ba na son in yi wa kaina ƙarya. Na yi tsaye a tsakar gida kusan minti biyu ina lissafi. In na yi shiru magana ta ƙare a kan almajiri. Ba wanda zai nemi kuɗi a wurinsa, iyayensa suna can wani ƙauye, malaminsa zai zo ya ba da haƙuri, a zane shi, a ce Allah ya kiyaye gaba. Ni kuma kuɗin makarantar Janairu yana nan inda na ajiye shi. Wallahi sai da wannan tunani ya zo mini cikakke, da kai da ƙafa. Kukan yaron da nake jiyowa ta kan katanga ne ya hana shi zama. Na kamo hannun Abba muka fita, na ce a saki yaron mutane, ga mai laifi. Wanda ya shaƙe shi ya sake shi, ko sannu bai ce masa ba. Ni ma, in gaskiya za a bi, ban ce ba. Hankalina yana kan gilashi.

Na durƙusa ina taya direban kwashe tarkacen daga kujera, nan na samu rabona a yatsa. Bai ce mini komai ba sai "Ba komai, Malam, tsautsayi ne." Muka bar magana sai bayan azahar.

Bayan sallah aka shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci inda rana take, don inuwa ba ta zaunuwa a wannan watan. Mai unguwa, liman, direban, ni, baban mai danƙo, da waɗanda ba a gayyata ba, su ne ma suka fi yawa. Kowa da fatawarsa. Wani ya ce uba ne zai biya, magana ta ƙare. Wani ya ce yaro ba shi da laifi ko a wurin Allah, to biyan me. Wani dattijo ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, wa ya ce a ajiye mota a lungun da yara suke wasa tun kafin a haifi mai motar? Wannan ta ɗan yi mini daɗi, ban ɓoye ba. Sai dai duk wanda ya san unguwarmu ya san gidajen ba su da wurin shigar da mota, lungun nan shi ne garejin kowa, kuma shi ne filin ƙwallon kowa.

Liman ya bari aka gama hayaniya sannan ya yi magana, kuma abin da ya faɗa ban taɓa rarrabe shi haka ba. Ya ce abu biyu muke cakuɗawa, zunubi da lamuni. Zunubi babu, domin an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, kamar mai barci har ya farka da mahaukaci har ya warke. Amma dukiyar mutane ba ta faɗuwa a banza don wanda ya ɓata ta yaro ne ko don bai yi niyya ba. Ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen biyan dukiya. Ya kawo labarin akushin da ya fashe a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka mayar wa mai shi da wani akushi lafiyayye. Sannan ya zo inda kowa ya yi tsit: a wurin malamanmu na Malikiyya, in ji shi, biyan yana kan dukiyar yaron ne, ba ta uban ba. In yaron yana da wani abu, gado ko kyauta, daga ciki waliyyinsa zai fitar. In ba shi da shi, bashi ne a wuyansa har ya samu. Uba ba ya shiga sai in shi ya sa shi, ko ya yi sakaci a fili.

Wani yaron unguwa da ke karatun lauya a Jami'ar Jos ya ce abin mamaki, dokar da muka gada daga Ingila ma kusan haka take: zama uba kawai ba ya sa a ɗora wa mutum ɓarnar ɗansa, sai an nuna ya ba shi izini ko ya bar masa abu mai haɗari ba tare da kulawa ba. Yana faɗin "abu mai haɗari" idanu suka koma kan baban mai danƙo. Shi kuwa ya gyara hula ya ce, "Ni dai ɗana bai harba ba." Daga nan bai ƙara tofa komai ba har aka tashi. Shekara bakwai ina yi wa 'ya'yansa ɗinkin sallah, rabin kuɗi nake karɓa. Na dai rubuta ne kawai.

Aka zo kan inshora. Direban ya ɗauko takardu daga aljihun mota, a cikin leda. Ɗan lauyan ya duba ya ce wannan ta ɓangare na uku ce, wadda doka ta tilasta wa kowane mai mota. Ita ce NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta ɗaga kuɗinta a Janairun 2023, na ƙananan motocin gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa da tambayarta a hanya. Aikinta, in kai ka bugi motar wani ko ka ji wa wani ciwo, kamfani ya biya shi. Motarka kuwa ba ruwanta da ita. Mai biyan gilashinka ita ce babbar inshora mai rufe komai, wadda kuɗinta yake bin darajar motar, kuma a zaman nan kaf ba wanda ya taɓa yankar irinta. Direban ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce shi dama takardar wuce shinge ya ɗauke ta.

To ga ni zaune, shari'a ta wanke ni, boko ya wanke ni, inshora ta zame. Saura mutum ɗaya a tabarmar da gilashin zai faɗa wa, shi ne wanda ba ya ma wurin lokacin da aka harba dutsen. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce, kullum da yamma yana kai balas ko ya samu fasinja ko bai samu ba. 'Ya'yansa huɗu, haya yake yi. Mai unguwa ya tambaye shi me yake so. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A bar shi kawai, ranka ya daɗe. Ɗa na kowa ne." Jama'a suka hau sa masa albarka, har wasu sun fara neman takalmansu.

Na san wannan muryar. Da ita nake cewa "ba komai, Alhaji, duk lokacin da ka samu" in mutum ya karɓi ɗinkinsa ya ce zai aiko. Baki ne yake yafewa, ciki yana ƙuna. An tara wa mutum liman da mai unguwa da rabin lungu, ta ina zai buɗe baki ya ce a biya shi? Ban yarda yafiyar da kunya ta matso daga bakin talaka yafiya ba ce, kuma da na karɓe ta, kullum da asuba in na ji yana tayar da mota da leda a manne a baya sai na ji kamar ni na saci gilashin. Na ce zan saya. Liman ya ce hakan ya fi kyau, amma in sani kyautatawa ce ba tilas ba. Na ce na ji, Allah gafarta Malam. A raina kuwa na ce tilas ɗin da ta fi ta kotu ma, tunda ƙofa ɗaya muke fita.

Bayan la'asar aka tura motar ta tashi, muka gangara Dilimi. Shago na huɗu muka samu na Beljiyam, mai layukan waya a jiki da hujin abin share ruwa. Mai shagon ne ya bayyana mini abin da na gani da safe: gilashin gaba biyu ne aka manne da wata leda a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ya tsaya, na baya da na gefe gasa su ake yi, in suka fashe su ruguje ƙanana don kada su yanka mutum kamar wuƙa. Na nuna masa yatsana. Ya ce da na taga ne da yanzu ina asibiti. Ya fara da dubu tamanin da biyar, muka yi ta ja har ana kiran magariba, aka tsaya a saba'in. Mai sawa dubu takwas da gam ɗinsa, kuma ya ce kada a hau hanya da ita sai gam ya kama, wato gobe ma sammako babu.

Direban ya ce kuɗin sawa nasa ne, ban yi musu ba. Mai unguwa ya aiko da dubu biyar, Allah ya saka masa. Alhajin mai motar, da aka kira shi a waya, ya yi faɗa na minti biyar sannan ya yafe balas ɗin yau, na gobe bai ambata ba. Sauran dubu sittin da biyar daga ambulan ɗin kuɗin makaranta suka fito.

Da muka dawo na sa Abba ya ɗauko asusunsa na gwangwani, wanda yake tara kuɗin takalmin ƙwallo tun sallar layya. Tunda Malam ya ce bashin a wuyansa yake, na ce to ya fara da abin da yake da shi. Muka fasa a kan tabarma, ya ƙirga da kansa sau biyu, naira 2,350, yawanci tsofaffin hamsin-hamsin da suka yi laushi. Na raka shi har ƙofar direban. Mutumin ya ƙi karɓa, ya ce haba Malam, na ce don Allah ya karɓa, ba don kuɗin ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya dafa kan yaron. Abba bai yi kuka ba sai da muka juyo. Ban dake shi ba; uwarsa ta riga ta yi wannan tun kafin in iso da safe, yanzu kuma ita ce take fushi da ni wai na cika tsanani a kan asusu.

Danƙon yana nan a aljihun rigata, na tsince shi a bakin kwata. Ban san ko in mayar wa mai shi ba ko in jefa a murhu.

Almajirin bai zo ɗaukar tuwon dare ba. Maman Abba ta zuba masa da nama biyu ta rufe, ta ajiye a soro inda ya saba samu. Na leƙa sau biyu, kwanon yana nan yadda yake, miyar har ta daskare. Gobe bayan asuba, kafin in wuce shago, zan bi ta makarantarsu.