Ku riƙa leƙa waɗanda manhaja ta zubar kafin ku kira intabiyu

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka fara aiki a ofishin kula da ma'aikata na kamfani ko ƙungiya, da ku da kuka buɗe ɗan kasuwancinku Allah ya sa masa albarka har kun fara neman ƙarin hannu. Kwana biyun nan duk matashin da na zauna da shi maganarsa ɗaya ce, a sayi manhajar ɗaukar ma'aikata a huta da tarin takardu, kuma gaskiya ba na ganin laifinku don ni ma haka na matsa wa ogana lamba a kamfanin rarraba kayan masarufi da nake aiki a Kano har sai da aka saya. Ba na cewa kar ku saya. Amma na cuci mutane da ita ba tare da na sani ba, kuma ba na son ku ɗauki irin wannan alhakin.

Ga wanda bai taɓa amfani da ita ba, aikinta a taƙaice shi ne ka saka tallan gurbin aiki, mai nema ya cike fom ya ɗora CV ɗinsa, ita kuma ta karanta ta ciro suna da makaranta da shekarun aiki, ta jera mutane mataki-mataki, waɗanda suka nema, waɗanda aka tace, waɗanda za a kira intabiyu, har zuwa wanda aka ba takardar kama aiki. Akwai su da yawa, irin su Zoho Recruit da Workable na waje, akwai SeamlessHR ta nan gida Najeriya, talla kuma mutane na sakawa a Jobberman ko LinkedIn. Buƙatarta kam a fili take a ƙasar da gurbi ɗaya ɗaruruwa za su nema. Duk wanda ya tuna watan Maris na 2014, lokacin da dubun dubatar matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice har aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsi, ya san tara mutane wuri ɗaya ba tare da tacewa ba ba abin wasa ba ne.

To inda na fara ɓata abin shi ne wajen sharuɗɗa. Manhajar tana ba ka damar saka tambayoyin da in mutum ya amsa a'a, shi ke nan ta ture shi gefe, idonka ma ba zai taɓa ganin sunansa ba. Muna neman mataimakan mai sito da 'yan lissafin kaya, aikin da abin da yake buƙata shi ne mutum ya iya ƙirga katan ya rubuta daidai, ya iya ɗan taɓa kwamfuta, ya kuma riƙe amana. Ni kuma sai na je na kwaso sharuɗɗan da na saba gani a tallan bankuna na zuba, dole digiri, dole kar shekaru su wuce 27, dole satifiket ɗin gama bautar ƙasa. Ban zauna na tambayi kaina ko ɗaya daga cikinsu yana da alaƙa da aikin sito ba, kawai ina so yawan ya ragu ne, kuma ya ragu ɗin, har ina murna.

Wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da babban sitonmu ne ya tsayar da ni, ya ce ɗana, yaran nan 'yan poli da suka yi mana aikin koyon sana'a muka ji daɗinsu, na san sun nema, me ya sa ban ga ko ɗaya a cikin waɗanda ka kira ba? Na ce Baba bari in duba. Da na buɗe ɓangaren waɗanda aka ture sai jikina ya yi sanyi. Duk mai HND ya faɗi, don na rubuta digiri kawai, alhali waɗanda suka karanta harkar saye da adana kaya a Kaduna Polytechnic ko ta Kano su ne ma suka fi sanin aikin. Wanda ya gama karatu bayan ya haura 30 aka ba shi takardar yafewa daga bautar ƙasa, halastacciyar takarda ce ta NYSC, shi ma ya faɗi don ban saka zaɓinta a fom ba. Maganar shekaru kuwa ita ta fi ci min rai, don ku duba fa, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ga jiran samun gurbin jami'a, ga jiran kiran bautar ƙasa, ɗan talakan da ya yi jami'ar gwamnati ina zai gama duk wannan har ya samu ƙwarewar aiki yana ƙasa da 27? Kun ga ba da niyya ba na tace wa 'ya'yan masu hali hanya na rufe wa irina ƙofa.

Manhajar nan kamar rariya take, girman ramin da ka huda shi za ta bi, ba ruwanta da ko tsaba ce ta zube ko dusa. Don haka duk sharaɗin da za ku saka na ture mutum kai tsaye, ku je wajen wanda zai yi aiki da sabon ma'aikacin ku tambaye shi, in mutum ba shi da wannan abin, da gaske ba zai iya aikin ba? In direba kuke nema, lasisi dole ne. In ma'aikaciyar jinya ce, rajistarta dole ce. Sauran abubuwan ku bar su a matsayin an fi so, mutum ya duba da idonsa.

Sai kuma wata matsalar da masu sayar da manhajar ba za su gaya muku ba, wataƙila ma ba su santa ba don ba a nan suka gina ta ba. Yawancin masu neman aiki a wajenmu a kafe ko shagon buga takardu ake yi musu CV, a buga a takarda, a yi sikanin, ko ma su ɗauki hotonta da waya su ɗora. Da yawa daga manhajojin nan rubutu suke karantawa, in hoto ne sai su ciro shirme ko su bar wurin fayau, sai ka ga mutum mai shekara takwas yana aikin sito an nuna ba shi da ƙwarewa ko ta kwana ɗaya, makinsa ya koma ƙasa. Haka kuma in ka ce ta nemo wasu kalmomi a CV, wanda ya iya tsara turanci ya zuba kalmomin talla shi zai hau sama, wanda ya yi aikin da hannunsa amma ya faɗe shi da turancin da ya iya ya sauka. Abin da ya gyara min wannan shi ne na daina dogara da CV, na mayar da muhimman tambayoyin cikin fom ɗin kansa, gajeru, waɗanda za a iya cikewa a ƙaramar waya ba tare da an ƙona data ba, a ina ka yi aiki, me kake yi a wurin, shekara nawa.

Ga kuma rikicin suna. Manhaja tana haɗe bayanan da take ganin na mutum ɗaya ne da ya nema sau biyu, yawanci ta imel ko lambar waya take ganewa. To mai kafe sai ya cike wa mutum goma fom da imel ɗinsa guda ɗaya, ita kuma ta dunƙule su ko na baya ya danne na farko. Ga shi a wajenmu masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa, sannan mutum ɗaya a satifiket ɗin sakandare Mohammed ne, a na difloma Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammed. Ku kashe haɗewar nan ta kai tsaye in da hali, ta riƙa nuna muku kuna yanke hukunci da kanku.

Wajen kiran intabiyu ma na yi asarar mutanen kirki, don na bar manhaja tana tura gayyata ta imel kaɗai, na zauna ina cewa matasan yanzu ba su da himma, an kira su sun ƙi zuwa. Ashe wasu imel ɗin tun ranar rajistar JAMB da aka buɗe musu ba su sake shiga ba, wasu kuma saƙon ya faɗa cikin tarkace. Ku tura saƙon tes, ku bi da WhatsApp, waɗanda kuka fi so kuma ku ɗaga waya ku kira da bakinku, ku ba da tazarar kwanaki don wanda zai taso daga Gumel ko Malumfashi sai ya nemo kuɗin mota. Ku rubuta ƙarara a talla da kowane saƙo cewa ba a biyan ko sisi, don 'yan damfara suna kwafar tallan kamfani su buɗe fom na bogi su karɓi kuɗin mutane. Wanda bai samu ba kuma don Allah ku sanar da shi, wannan kam manhaja tana yinsa da dannawa ɗaya, babu uzuri, na bar mutane wata da watanni suna jira suna addu'a a kan aikin da tuni an ba wani, wallahi har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Yanzu kuma an shigo da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke ba kowa maki, ana cewa ba su san son kai ba. Ku yi hattara. Kamfanin Amazon da duk ƙwararrunsa ya gina irin wannan, ya koyar da ita da CV ɗin shekara goma na waɗanda suka nemi aiki a wajensa, da yake mafi yawansu maza ne sai ta koyi rage wa mata maki, a 2018 labarin ya fito cewa sun watsar da ita. A Amurka kuma, a 2023 kamfanin koyarwa na iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan hukuma ta kai shi ƙara cewa manhajarsa tana ture mata 'yan 55 zuwa sama da maza 'yan 60 zuwa sama kai tsaye. A namu yanayin inda abin zai fi cizo shi ne giɓin shekaru a CV, 'yar'uwarmu ta gama karatu ta yi aure ta haihu ta yi raino shekara huɗu yanzu ta dawo neman aiki, in kun bar manhaja tana hukunta giɓi to ita za ta fara zubarwa.

Bayanan mutane kuma amana ne, kuma yanzu doka ce, tun watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, akwai hukumar NDPC da ke sa ido. Ni a da kalmar sirri ɗaya muke amfani da ita mu duka a ofis, CV ɗin mutane har da lambobin wayar 'yan mata suna yawo a wayoyin waɗanda ba ruwansu da ɗaukar aiki, kuma ina tambayar lambar NIN da sauran takardu tun a fom ɗin farko alhali ba na buƙatarsu sai wanda aka ɗauka. Kowa ya samu mashigarsa, ku taƙaita wanda zai ga me, abin da ba ku buƙata kar ku tambaya, in an gama kuma ku goge ko ku nemi izinin ajiyewa.

Inda na ga amfaninta sosai shi ne maganar alfarma. Kun san halinmu, da an ji ana ɗaukar aiki waya ba za ta huta ba, kawu ya kira, maƙwabci ya aiko, wani babba ya turo ɗan kati. Da yake manhaja tana rubuta wanda ya matsar da kowane suna da lokacin da ya yi, kuma kowane mai intabiyu yana saka makinsa kafin a zauna a tattauna, shigar da mutum ta bayan gida ya yi wuya, kuma ni kaina na samu abin kare kaina, sai in ce ranka ya daɗe a turo shi ya cike fom kamar kowa. Amma a nan ma akwai tarko, don na samu kaina ina cewa mutane kwamfuta ce ta ƙi ka, ba ni ba, alhali ni na saka sharaɗin da hannuna. Wannan ƙarya ce ko da ba ta yi kama da ƙarya ba, ku guje ta, in kun ƙi mutum ku san dalilin da za ku iya faɗa masa ido da ido.

Kuɗi kuma ku lissafa da kyau, yawancin na waje da dala ake biya duk wata ko duk shekara, waɗanda suka shiga kafin faɗuwar naira ta 2023 sun ji a jikinsu. In a shekara mutum biyar ko goma kuke ɗauka, Google Forms da shafin Excel mai tsari sun ishe ku, ku ajiye kuɗin.

In kuma kun saya, kafin ku buɗe wa jama'a ku karɓi takardun ma'aikatanku uku ko huɗu da kowa ya yarda sun iya aikin, da izininsu, ku cike musu fom ɗin kamar sabbin masu nema, ɗaya ma ku ɗora hoton CV ɗinsa da waya yadda mutane za su yi. In manhajar ta ture su to sharuɗɗanku ne ke da gyara, ku koma ku sassauta har sai sun wuce. Bayan an rufe karɓa kuma, kafin a kira kowa intabiyu, ku ware yini guda ku zauna da shugaban sashen da ke neman ma'aikacin, ku buɗe ɓangaren waɗanda aka ture ku bi su ɗaya bayan ɗaya, in sun yi yawa ku tsinci na tsinta daga sama da tsakiya da ƙasa, duk wanda kuka ga bai kamata ya faɗi ba ku dawo da shi, ku kuma nemo sharaɗin da ya kayar da shi ku gyara tun kafin gurbi na gaba.