Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun Ɗaukar Lasifika a Stockholm

A makon jiya na tsaya a inda na bar wanke-wanke a gidan abinci na koma wani kamfani da ke kafa dandamali da kayan sauti a manyan wuraren taro na Stockholm, babban birnin Suwidin. Yaya ya karanta, ya aiko mini da saƙo yana maimaita maganar da ya daɗe yana yi, wai na tsallake teku ne kawai don in zama yaron makaɗa. Gaba yake da ni, saboda haka ba zan yi musu da shi ba, amma zan ba da labarin makaɗi ɗaya da na yi aiki a ƙarƙashin dandamalinsa, domin duk lokacin da na tuna shi sai maganar marigayi Baffa ta faɗo mini, wadda yakan yi idan ya ga ɗayanmu yana cika baki a gona da tsakar rana: jiki magayi.

Sunansa Tim Bergling, duniya kuma ta san shi da Avicii. An haife shi a Stockholm ranar 8 ga Satumba, 1989, mahaifiyarsa Anki Lidén 'yar wasan kwaikwayo ce da mutanen ƙasar suka sani tun kafin a san ɗanta. Bai tashi a gidan rashi ba, kuma wannan shi ne abin da Yaya ya riƙe daga baya. Da kwamfuta ya koyi sana'arsa, a cikin ɗakin kwanansa, da manhajar FL Studio, yana jera sauti kan sauti yana sakawa a intanet, har kiɗansa mai suna Levels ya fito a 2011 ya zaga duniya. A lokacin ban san sunansa ba. Abin da na sani shi ne duk zauren da muka je gwada lasifika, samarin da ke kula da na'urar sauti wannan kiɗan suke sakawa, har na haddace shi ba da son raina ba.

Mai kallo ba ya sanin abin da ake yi kafin a kunna fitila. Tun da asuba manyan motoci suke isowa, mu sauke ƙarafa da akwatunan lasifika waɗanda sai mutum huɗu suke iya juya ɗaya, mu ja wayoyin lantarki masu kauri daga wannan bango zuwa wancan, a ɗaga komai sama da sarƙa, sannan idan taro ya watse bayan tsakar dare mu kwance duk abin da muka ɗaura, domin motocin su kama hanyar wani gari kafin gari ya waye. A farkon 2014 ina cikin waɗanda suka yi wannan aiki lokacin da Tim ya yi wasa a filin Tele2 Arena, kusa da Globen, babban zauren taro mai siffar ƙwallo. Daga nesa na hango shi, siririn yaro da hular hana-sallah, kansa a sunkuye, kuma da ba a nuna mini shi ba da na ɗauka ɗaya ne daga cikin masu kawo mana ruwa. Ina alfahari da wannan aikin har gobe, ko Yaya ya so ko ya ƙi, domin daga ɓangaren da aka damƙa mini waya ko ɗaya ba ta tsinke ba.

Makonni kaɗan bayan haka, a watan Maris, muka ji an kwantar da shi a Miami ta Amurka an cire masa matsarmama da afendis. Ashe tun 2012 yake fama da kumburin wata gaɓa a cikinsa wadda likitoci ke kira fankiriyas, ciwon da aka danganta da barasa, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa kunya da fargabar tsayawa gaban jama'a ne suka kai shi ga sha. Daga asibiti aka biyo shi da magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, ya koma jirgi, ya koma dandamali. Jiki magayi, in ji Baffa, amma ba kowa ake bari ya saurari nasa ba. A wannan shekarar ta 2014 ne bayana ya fara riƙewa, na kai wa mai kula da mu takardar likita, ya dube ta ya ce lokacin bukukuwan bazara ne, wanda ya zauna a gida akwai mai jiran gurbinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, ya san kansa.

Na tsallake wani abu da ya kamata in fara faɗa. A Maris na 2013, a bikin kiɗa na Ultra da ake yi a Miami, Tim ya fito da makaɗa masu jita da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya yi kama da gurminmu, a gaban taron da ya zo jin dukan na'ura zalla, aka yi masa ihu, aka cika intanet da zagi. Waƙar da aka yi wa ihun, Wake Me Up, wadda Aloe Blacc ya rera, ita ce bayan 'yan watanni ta hau saman jadawali a ƙasashe da dama. A ganina wannan ya isa shaida cewa yaron ba rago ba ne, kuma ya san abin da yake yi. Haka nan a Maris na 2016 ya sanar cewa ya daina yawon wasanni, bayan ya yi fiye da 800, ya yi na ƙarshe a tsibirin Ibiza na Sifaniya a ƙarshen Agusta. Mutumin da ake biya irin wannan kuɗi ya ce ya isa, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ni a kan albashin lebura na kasa faɗar haka, saboda a lokacin ginin gidan Inna bai kai linta ba, kuma Yaya ya fi kowa sanin daga inda kuɗin siminti yake zuwa.

Ranar 20 ga Afrilu, 2018, labari ya zo cewa ya rasu a Maskat ta ƙasar Oman yana da shekara 28, daga baya kuma aka tabbatar shi ya kashe kansa. Washegari dubban mutane suka taru a dandalin Sergels torg da ke tsakiyar Stockholm, na bi ta wurin a hanyar aiki na tsaya na ɗan lokaci. Da na ba Yaya labari a waya sai ya ce, “To kai, mai wannan dukiya me ya rasa?” Na ce, “Yaya, barci ya rasa, da lafiya.” Hukuncin abin da ya aikata na Ubangiji ne, kuma ni Musulmi ne, na san matsayin addinina a kai, abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce dukiya tana hana jiki da zuciya gajiya, alhali Baffa bai ware mai kuɗi ba da ya yi maganarsa. Iyayensa sun kafa gidauniya da sunansa a 2019 don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa da hana kisan kai, kuma a watan Mayu na 2021 aka sauya wa Globen suna zuwa Avicii Arena.

Kafin a sauya sunan ni na riga na bar ɗaukar lasifika, na yi jarrabawar tuƙin bas na ci. Ranar da na kai takardar ajiye aiki, mutumin nan da ya yi watsi da ta likita ya tambaye ni ko zan taimaka masa da Asabar ɗaya ta ƙarshe, saboda hannu ya yi musu kaɗan. Na ce masa a'a, na miƙa masa makullin sito da safar hannun kamfani, na sa ya rubuta mini shaidar cewa ya karɓa.