Daytona 200: Tseren Baburan da Ya Faro a Bakin Teku

A cikin tseren babura da ake gudanarwa ƙarƙashin gasar ƙasar Amurka, kaɗan ne suka kai Daytona 200 daɗewa da suna. A ganina, yanayin filin da ƙarfin taya ne suka fi juya tarihinsa, fiye da gwanintar matuƙa.

An fara shi a watan Janairun 1937 a jihar Fulorida, a kan hanya mai tsawon mil 3.2, wadda wani ɓangarenta kwalta ne, sauran kuma yashin bakin teku. Masu shiryawa sai sun duba lokacin da ruwa zai janye kafin su tsayar da lokacin tashi, kuma a kwanonin da ke haɗa yashi da kwalta, inda tayoyi ke tona rami, nan ne mutane suka fi zubewa. Ed Kretz ne ya lashe na farko a kan babur ƙirar Indian. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da tseren daga 1942 zuwa 1946.

A 1961 aka mayar da shi filin Daytona International Speedway, inda Roger Reiman ya yi nasara a kan Harley-Davidson. Kwanonin wannan fili a karkace aka gina su, har digiri 31, don haka matuƙi yakan murɗa totur har ƙarshe na tsawon lokaci, nauyin babur da gudunsa suna danne tayar baya har ta ɗau zafi fiye da kima.

Shekarun 1970 ne ƙololuwar tashensa. Yamaha ta lashe tseren sau 13 a jere, daga 1972 zuwa 1984. Don Emde ne ya buɗe wannan jeri, wanda mahaifinsa Floyd ya riga ya ci tseren a 1948 tun ana yin sa a kan yashi. Zakarun Turai ma sun tsallako: Jarno Saarinen ya ci a 1973, Giacomo Agostini a 1974. Sai dai a 1975 Barry Sheene ya yi mummunan haɗari lokacin atisaye, yana gudun kusan mil 175 a awa ɗaya, ya karya cinya da hannu.

Daga 1985 manyan baburan Superbike, wato baburan kasuwa da aka ƙara wa ƙarfi don tsere, suka karɓi fagen, zamanin da Scott Russell da Miguel Duhamel suka yi fice, kowannensu da nasara biyar. Amma ƙarfin injuna ya ci gaba da hauhawa har tayoyi suka fara gazawa, shi ya sa a 2005 aka koma baburan 600cc. Masoya da yawa sun ce an rage wa tseren armashi, ni kuwa ina ganin masu shiryawa sun yi daidai, domin mil 200 a kan irin wannan fili ba abin wasa ba ne, ko da ana tsayawa shan mai da sauya taya. Tun 2022 MotoAmerica, mai gudanar da gasar tseren babura ta Amurka, ce ke shirya tseren, har yanzu kuma da matsakaitan babura ake fafatawa.