Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Ajinmu Ya Watse

Makon jiya na tsaya a inda ƙungiyarmu ta samu takardar rajista, muka buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya. Yau zan ba ku labarin yadda ajin ya watse, domin a tsakanin nan ne na fara sanin nauyin da ke kan shugaba.

Littafin kiran suna ne ya fara gaya mana gaskiya. Shafukan farko cike suke da alamar halarta. Kana buɗe gaba sai ka ga alamun suna raguwa, har ka kai shafin da sunaye ne kawai a jere, gabansu fari fat. Malamanmu na sa-kai su zo da alli a hannu, su zauna suna kallon ƙofa. Babu ɗalibin da ya yi mana ƙorafi, kowa dai ya janye jikinsa a hankali.

A taron kwamitin amintattu kai ya rabu. Wasu suka ce a rufe ajin a kama wani aikin. Wasu suka ce a rahoton da za mu aika wa masu tallafa mana, a rubuta yawan waɗanda suka yi rajista, a yi shiru kan waɗanda suka rage, tunda a ganinsu hakan ba ƙarya ba ne. Ban yarda ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ƙungiyar da ta saba gyara lissafi don mai ba da kuɗi, wata rana kanta za ta ruɗa. Na kawo musu misalin ƙungiyar injiniyoyin nan ta Kanada, Engineers Without Borders, wadda tun 2008 ta fara fitar da rahoto na musamman kan ayyukanta da suka gaza, don wasu su koya. Muka rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Masu tallafin suka gode mana, amma ba su sabunta tallafin ba, kuma hakan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga nan muka shiga bin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya muna tambaya. A nan haƙuri ya yi aikinsa, don amsar farko ba ta taɓa zama ta gaskiya. Kowa sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa, zai dawo. Mutum ba ya son kunyata wanda ya zo masa da alheri. Sai ka koma, ka sake komawa, ka zauna ba takarda ba biro, kafin bakinsa ya buɗe.

Wani dattijo ne ya warware mana zaren. Ya ce, "Ɗana, ranar da aka kira ni gaban allo na kasa haɗa baƙi biyu, yarinyar da ke koyar da mu sa'ar jikata ce. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka, amma ni na ji abin da na ji." Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini saƙon da ɗansa ya turo, wanda ya kwana bai san me ke ciki ba. Ya ce, "Wannan na zo koya." Mu kuwa manhajar karatun yara muka ɗauko muka ɗora wa masu furfura.

Da na koma wurin malaman, na tarar kowa ya sha jinin jikinsa, suna jiran a ce wane ne ya ɓata. Na ce musu tsarin ne bai dace ba, kuma tare za mu gyara shi. In shugaba ya nemi wanda zai ɗora wa laifi a irin wannan rana, gobe babu mai kawo masa mummunan labari da wuri.

A watannin nan labarin Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli ta Kenya, ya riƙe ni. Kamfaninta na farko na dashen itatuwa, Envirocare, rushewa ya yi. A 1977 ta fara ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement da itatuwa 7 kacal, kuma sai a 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Shekara 27 ke nan tsakani.

Muka sake buɗe ajin a ƙananan rukunoni, sa'a da sa'a, babu kiran kowa gaban allo. Darasin farko shi ne mutum ya rubuta sunansa, na biyu ya karanta saƙon da ke cikin wayarsa. Mutanen ba su da yawa, amma ba su daina zuwa ba. Kuɗi kuwa babu, kuma rashinsa ne ya sa abokin da muka kafa ƙungiyar tare ya zo mini da takardar ajiye aiki. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.