Ƙayar da aka aiko mini a kwali daga Jos

Ranar da kwalin ya iso, Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta ga ina yanka salatif a hankali kamar mai buɗe akwatin lefe, ta ce me aka aiko mini. Na ce furanni ne daga Jos. Da na zaro na farko na warware jaridar da aka naɗe shi da ita, ta leƙo, ta dube ni, ta ce, "Ke yanzu kuɗi kika biya aka aiko miki da ƙaya?"

Ban iya musa mata ba, don abin da ke hannuna bai yi kama da hoton da na gani a Instagram ba. Guda tara na saya: kaktus huɗu, wato masu ƙayar, sauran biyar kuma irin tsirran nan masu kaurin ganye da ke tara ruwa a jikinsu, Echeveria uku da Haworthia biyu. An ce mini kwana uku za su yi a hanya, suka yi takwas, a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40. Sun zo ba tukunya, ba ƙasa, saiwoyinsu a bushe ƙamas kamar gashin masara, ganyayen ƙasa duk sun yanƙwane. Raina ya ɓaci, na ɗauka ha'inci ne. Na aika wa mai sayarwar saƙo, ta amsa da cewa, "Hajiya, da gangan na cire ƙasar, da jiƙaƙƙiyar ƙasa za su ruɓe a hanya. Ki ajiye su a inuwa, kada ki ba su ruwa sai bayan mako guda."

Na karanta, na ce to, na kuma yi akasin haka. Ta yaya abu zai kwana takwas a rufe cikin kwali, ya zo a yamushe, a ce kuma kar a ba shi ruwa? Baƙo ma da ruwa ake tarbarsa. Na ɗebo baƙar ƙasar da nake shuka alayyafo da ita, wadda ta sha takin shanu, na cika wasu kofunan tangaran masu kyau da ba su da huji a gindi, na dasa guda bakwai, na shayar da su har sai da ruwa ya kwanta. Sannan na jera su a kan katanga inda rana ke dukan su tun hantsi, tunda dai an ce tsirran hamada ne.

Kwana uku aka yi, ganyen Echeveria ya yi tabo ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa man suya. A kwana na tara na taɓa wani kaktus mai siffar ƙwallo, irin Mammillaria, sai ya tuntsire. Gindinsa ya yi baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ga wari. Cikin bakwai ɗin nan biyar suka tafi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne biyun da suka rage a kwali. Kofuna sun ƙare, na tura kwalin ƙarƙashin benci a baranda na ce gobe, goben ta zama kwana goma sha ɗaya. Da na tuna da su na jawo, gabana na faɗuwa, sai na tarar da su garau, ɗaya ma har ya fara fitar da ƙananan saiwoyi farare a iska. Waɗanda na manta da su suka rayu.

Daga baya ne na zauna na fahimci abin da na yi. Tsiron da aka tumɓuke aka kakkaɓe masa ƙasa, saiwarsa cike take da ƙananan raunuka. In aka bar su a bushe, bakin raunin kan ƙafe ya rufe. In kuwa aka tsoma su cikin danshi nan take, ta nan ƙwayoyin cuta da ke cikin ƙasa ke shiga, kuma jikin da ke cike da ruwa ba ya daɗewa kafin ya ruɓe. Yanƙwanewar da ta tsorata ni kuwa ba komai ba ce, tsiron ne ke cin guzurinsa. Batun rana ma haka. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, da sanyinta, kuma a ƙarƙashin rumfar raga aka raini waɗannan. Daga nan suka shiga duhun kwali na kwana takwas, ni kuma na fito da su na miƙa wa ranar bazara. Sannan ba kowane mai kaurin ganye ne ɗan hamada ba. Yawancin Echeveria daga tsaunukan Meziko suke, inda dare ke da sanyi. Haworthia kuma daga Afirka ta Kudu, inda takan laɓe a gindin duwatsu da ƙananan itatuwa, ba ta son rana tsaka. Irin waɗannan tsirrai da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, da rana su rufe don kada ruwa ya tsere, shi ya sa daren Afrilu da Mayu, da ba ya hucewa, ke wahalar da su.

Ban sake saye ba sai a Nuwamba, da hunturu ya fara shigowa. Wannan karon tun kafin kwali ya taso na je wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane na ce ta yi mini ƙanana goma sha biyu, ta huda gindin kowace kafin ta gasa. Ta ce, "'Yata, tukunya mai huji, me za ta riƙe miki?" Na ce, "Iya, so nake kar ta riƙe." Ta yi dariya har da tafa hannu, amma ta yi su yadda nake so. Tukunyar ƙasa tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma shi ne ke busar da ƙasar shuka da wuri.

Ƙasar ce na fi ɓata lokaci a kanta. Na samo yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa wajen masu gini, na tankaɗe shi da rariya na zubar da laushin, don lallausan yashi dunƙulewa yake ya toshe iska. Na farfasa tsingaro da jan bulo ƙanana kamar ƙwayar masara, na ƙara ɓarɓashin gawayi. Kashi biyu na wannan haɗin, kashi ɗaya na ƙasar lambu da ba taki. Gwajina mai sauƙi ne: in na jiƙa na damƙa a hannu na saki, ta wargaje. In ta tsaya dunƙule kamar fura, sai in ƙara tsakuwa.

Da kwalin ya zo, a ranar na buɗe, na warware kowanne na duba hammatar ganye da saiwa. A jikin ɗaya na ga wani farin abu kamar ɓurɓushin auduga, ashe ƙwaro ne mai tsotsar ruwan tsiro. Na goge shi da auduga da sifirit, na ware tsiron can gefe na mako biyu. Matattun saiwoyi na datse da almakashi mai tsabta, na shanya kowa a kan faifai a inuwa kwana huɗu, sannan na dasa a busasshiyar ƙasa, ban binne wuyan tsiron ba. Kaktus kuwa da jarida ake kama shi, a ninka ta ta yi tsawo kamar ɗamara, a zagaye shi a riƙe bakin biyu. Na raina wani mai faffaɗan kunne kamar na zomo, Opuntia microdasys, don ba shi da dogayen ƙayoyi, sai ɗige-ɗige masu kama da gashi. Na kama da yatsu. Matsefata ta kasa, sai da na riƙa manna salatif ina fizgewa, kuma kwana biyu ina jin su in na taɓa zane.

Ruwan farko sai da aka yi mako guda. Tun daga nan tsinken tsire nake sokawa har gindin tukunya, in ya fito da danshi in haƙura, in ya fito a bushe in shayar sosai har ruwa ya zubo ta huji. Rana kuma kaɗan-kaɗan na saba musu, ta safe kawai, ina ƙara lokaci duk bayan 'yan kwanaki.

Inna dai ta tsaya a kan cewa ƙyarana ce aka yi wa kwalliya, irin wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Filato. Kamannin na nan, amma dangi ba ɗaya ba. Ƙyarana da tinya 'yan Afirka ne, in aka karce su farin ruwa mai guba ke fita, mai illa ga ido. Kaktus kuwa asalinsa nahiyar Amurka, kuma ƙayarsa daga wasu 'yan matasai masu gashi take tsirowa. Na so in yo odar wasu daga waje, sai na gano kusan duk dangin kaktus suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji, ga takardar shaidar lafiyar tsiro da hukumar killace kayan gona ke nema. Na ce Jos ɗin ma ta ishe ni.

Cikin goma sha biyun, ɗaya kaɗai na rasa, kuma a Agusta ne, da ruwa ya kwana yana zuba ina gidan biki. Yanzu da hadari ya haɗo, su nake fara kwashewa zuwa baranda kafin shanya. Ganye uku da suka karye a cikin kwalin ban zubar ba, na kwantar da su a kan busasshen yashi a murfin kwano. Biyu sun fitar da 'ya'ya a gindinsu, kowanne bai fi ƙwayar gero ba da farko, yanzu sun kai girman kwabo, kuma na koma wajen Iya ta ƙaro mini tukwane shida.