Buhun Ƙyallaye a Shagona na Aboabo

A 2015 ne, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya addabi Ghana. Da yaren Asante kalmar na nufin kashe-kunna, amma mu a unguwar Aboabo ta Kumasi kashewar muka fi gani. Wuta takan tafi yini cur, kekunan lantarki su yi tsit, sai keken ƙafa biyu ke motsi. Yara biyar ke koyon ɗinki a hannuna, uku dole su zauna suna kallon titi.

Wata rana jikana, ɗan shekara shida, ya jawo buhun ƙyallayen da muke tarawa don zubarwa. Ya zazzage shi a ƙasa, ya haɗa guntun shadda da guntun kente da zaren da ya tsinta, wai riga yake wa kyanwa. Na buɗe baki zan daka masa tsawa ke nan, ya ɗago ya ce, "Kaka, me ya sa kullum aljihu a gefe yake?"

Ban da amsa. Haka maigidana a sana'a ya koya mini, shi ma haka ya tarar. Na girma da jin cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma har gobe ban ƙaryata ba. Sai dai shekara talatin ina yanka kaftani, tambayar nan ba ta taɓa zo mini ba.

Ƙaramin yaran shagon, wanda da ƙyar kake jin muryarsa, ya ce, "Masta, in gwada?" Ya ɗinka aljihu ta ciki, daidai ƙirji, ya sa masa ɗan zif. Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin cunkoson kasuwar Kejetia, ko ya matsu a tiroto, motar haya, da waya a aljihun gefe, ya san amfaninsa. Kafin Babbar Sallah masu kawo ɗinki da kansu suke cewa a sa musu.

Daga nan na ware yammacin Alhamis, bayan la'asar. Buhun ƙyallaye a tsakiya, kowa ya yi abin da ya ga dama. Ba a yi wa kowa dariya, ni kuma ba na magana sai kowa ya gama nuna nasa. Wannan ta biyun ita ta fi ba ni wuya, domin na lura da zarar na ɗan ɓata fuska, hannayensu sun koma ɗinkin da suka san ba zan yi faɗa a kai ba. Ashe ba basira suka rasa ba, tsorona ne ya cika shagon.

An yi ɓarna, kada in ɓoye. Wani ya ji daɗin wasan har ya gwada sabon wuya a kan shaddar wani Alhaji, yadi biyar, na biya daga aljihuna. Tun ranar, wasa a kan ƙyalle kawai. Kuma yawancin abin da ke fitowa ranar Alhamis shirme ne: hula mai kunnuwa, wando mai aljihu bakwai. Nakan haɗiye dariyata in tambaya, "Wa zai sa wannan?" Wani lokaci amsar takan kai mu ga abin sayarwa, kamar jakar allo da 'yan makaranta ke rataya yanzu a unguwar.

Jikan nawa ya zama saurayi, ɗinki bai dame shi ba, gyaran waya yake koyo a Adum, tsakiyar gari. Rigar kyanwar tana nan a rataye a ƙusa, bayan keken ƙafa.